A Koya wa Yara Yadda Aka Kafa Suleja

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan matakin gwamnatin tarayya na maido da darasin tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare. Na yi murna da matakin, amma ina fargabar a manta da garuruwan da aka kafa a bakin iyaka, irin garinmu Suleja.

Bayan jihadi ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gwari da Koro, inda aka kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, aka kewaye shi da ganuwa. Da aka tsayar da sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ya ba da sunansa, aka koma kiransa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

A ajinmu na tambayi ɗalibai asalin sunan Abuja, duk suka yi shiru, alhali kullum suna wucewa ta gindin dutsen Zuma. Abin ya sosa mini rai.

Ina kira ga masarauta da hukumomin ilimi na Jihar Neja su naɗi bayanan dattawa tun suna raye, su buga ɗan littafi da Hausa da Gwari domin makarantunmu.

Wassalam,
Malamin makaranta, Suleja