Takardar fili daban, izinin gini daban

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in faɗa wa masu shirin sayen gida abin da ya same ni, domin har yau ban gama fita daga cikinsa ba.

Kuɗin sallamata daga aikin koyarwa na haɗa da rancen banki na sayi gida. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani sashe can ta baya, jikin katanga: ɗaki biyu, kicin da banɗaki, da ƙofarsa daban. Akwai ɗan haya a ciki da matarsa da jaririyarsu, na kuwa lissafa cewa hayar za ta riƙa rage mini bashi. Lauyana ya duba takardar mallaka, ya tabbatar babu jingina, babu rigimar gado. Na tambayi dillali ko sashen yana da izini, ya ce ya fi shekara goma a tsaye babu wanda ya ce uffan. Ko da mai kimanta gida da banki ya turo ya ƙi sa sashen a lissafinsa, ban tsaya na tambayi dalili ba.

Wata bakwai bayan na tare, na je hukumar tsara birane neman izinin sake rufin sashen saboda yoyo. Jami'in ya ɗauko fayil, ya shimfiɗa zanen ginin da aka amince da shi. Gida ɗaya ne tak a jiki. Inda sashen yake, fili ne fetal. Ya ce ginin ba shi da izini, ya matse katangar maƙwabci fiye da tazarar da doka ta yarda, kuma unguwar an tsara ta ne a kan gidan zama ɗaya a kowane fili. Rashin izini ana iya gyara shi da sabon zane da tara. Batun tsarin unguwar ne mai wuya, don sai hukuma ta yi maka sassauci na musamman, tana kuma iya ƙi.

Na ce masa ai ba ni na gina ba. Ya amsa cikin ladabi cewa laifin gini ginin yake bi, duk wanda ya mallake shi ya gaje shi. Wannan ce maganar da nake so kowa ya ji. Wanda ya sayar mini ya karɓi kuɗin sassa biyu ya tafi, ni aka bari da zaɓin rushewa ko bin layin ofis.

Abin da ya fi hana ni barci ma ba kuɗin ba ne. Mai gyaran lantarki ya gano an jawo wuta daga babban gidan da siririyar waya, ga tagar ɗakin kwana an datse ta da ƙarfe, babu mafita in gobara ta tashi. Kamfanin inshora ya ce ba zai ɗauki nauyin sashen ba. Jaririya ce ke kwana a wurin.

Don haka kafin ka ba da kafin alƙalami, ka nemi zanen da ke ɗauke da hatimin hukuma, ka zaga gidan da shi a hannu kana ƙirga gine-gine. Kada kuma tsufan gini ya ruɗe ka. A Ingila, daga 25 ga Afrilu 2024, an ƙara wa'adin da hukuma ke da shi na bin irin wannan gini daga shekara huɗu zuwa goma.

Su ma hukumomi ina roƙonsu su buɗe ƙofar gyara. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 wadda ta ba masu irin waɗannan sassa da aka gina kafin Janairun 2020 damar halatta su, muddin an gyara abin da ke barazana ga lafiya da rai. Inda rusau kaɗai ake yi, ɓoyewa mutane za su yi, wayar nan mai haɗari kuma ta ci gaba da zama cikin bango.

Ni dai na sake wayar, na cire ƙarfen tagar, na faɗa wa ɗan hayan gaskiya. Takardar neman sassaucina tana gaban hukuma tun wata uku.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya