Digiri kaɗai ba ya raba mutum da wariyar launin fata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan tambayar ko ilimi da cuɗanya da jama'a suna iya raba mutum da wariyar launin fata. Ni haifaffen Makka ne, kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ya ratsa Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, saboda haka wannan al'amari a jikina na san shi.

A bara na kai mahaifiyata asibiti, likitan da ya duba ta kuwa mutum ne da ya shafe shekaru yana karatu a Turai. Da ya gama, sai ya juya ya ce wa ma'aikaciyar jinya ta sallami "Takaruniyar nan", wato laƙabin da ake yi wa 'yan asalin Afirka ta Yamma a nan, alhali sunanta yana rubuce a takardar da ke hannunsa. Tsohuwar ba ta tanka ba, sai da muka shiga mota ta ce kada in sake kai ta wurinsa. A unguwarmu ta Misfala kuma akwai wata dattijuwa Balarabiya wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta fi shekara talatin tana musayar kwano da mahaifiyata, ta aiko mana da shurba a watan azumi, mu aika mata da fura. Ranar da mahaifina ya rasu ita ta zauna a tsakiyar mata har kwana uku tana karɓar gaisuwa kamar 'yar gida. Abin da zaman tare ya koya mata, jami'a ba ta koya wa likitan ba.

Masu ganin gogewa tana gyara zuciya sukan kafa hujja da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka, wanda ya yi aikin hajji a 1964, ya ci abinci a kwano ɗaya da fararen fata, ya koma Amurka da sabon tunani. Gaskiya ne, amma baƙo ne ya yi 'yan kwanaki, mu kuwa mun san yadda garin yake bayan an kwance harami. An soke bauta a nan Saudiyya tun 1962, har yau kalmar "abd" (wato bawa) ba ta bar bakin wasu ba. Sheikh Adil al-Kalbani ya ja sallar tarawihi a Masallacin Harami a 2008, Usama Hausawi ya zama kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, dukansu baƙaƙen fata ne kuma an yi musu tafi, amma idan baƙar fata ya je neman aure a wasu gidaje, kafin a tambayi addininsa da halinsa an riga an tambayi asalinsa.

Ni a ganina darasin yana cikin labarin Abu Zarri, Allah Ya ƙara masa yarda. Sahabi ne mai ilimi, duk da haka ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa nan take cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Ilimin yana nan, tsawatarwa daga wanda yake ganin girmansa ce ta sa ya yi aiki. Wannan tsawatarwa muka rasa a yau, domin a majalisa ake furta kalmar raini, masu digiri suna zaune su yi shiru.

Mu ma Hausawa ba mu tsira ba, abin yana damuna ƙwarai. Gidaje nawa ne a cikinmu suka hana ɗan mahauta ko ɗan wanzamai aure, ko suka tono cewa kakan wane bawa ne? Ina roƙon malamanmu na nan da na gida su riƙa ambaton wannan a huɗuba da sunansa, tun daga abin da ke faruwa a zaurukanmu ranar neman aure.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Misfala, Makka