Wasiƙa zuwa ga 'yata likita, a kan Ignacio Ponseti

Assalamu alaikum, Hadiza. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ji kin zaɓi fannin tiyatar ƙafa da idon sawu. Allah ya sa albarka. Kafin hannunki ya saba da wuƙa, ina so ki san wani dattijon likitan ƙashi mai suna Ignacio Ponseti.

Ɗan Sifaniya ne, an haife shi a tsibirin Menorca a 1914, mahaifinsa mai gyaran agogo. Ya yi jinyar waɗanda suka jikkata a yaƙin basasar ƙasarsu, ya yi gudun hijira zuwa Faransa da Meziko, a 1941 ya isa Jami'ar Iowa a Amurka. A can ya rasu a 2009, yana da shekara 95.

Abin da ya bambanta shi da tsaransa, ya bi sawun yaran da aka haifa da ƙafa a murɗe aka yi musu babbar tiyata. Sai ya tarar sun girma ƙafar ta sandare, ga tabo, ga ciwo. Ya koma ya nazarci yadda ƙasusuwan tafin ƙafar jariri ke juyawa, ya fito da hanyarsa: a lallaɓa ƙafar da hannu, a sa siminti tun daga yatsu har cinya, a sake duk mako, kamar sau biyar ko shida. Yawanci sai a ɗan yanke agara, wato jijiyar bayan diddige, sannan yaro ya sa takalma masu sanda a tsakani, dare da rana na wata 3, daga nan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5.

Ya wallafa sakamakonsa a 1963, likitoci suka yi biris da shi kusan shekara 30. Wuƙa ta fi kawo suna, kin sani. Iyayen yara ne suka yayata shi a intanet a ƙarshen shekarun 1990.

To, 'yata, kada ki sallami mara lafiya ranar da aka cire zare. Rubuta sunansa, ki neme shi bayan shekaru ki ga yadda yake takawa. Kuma ki zauna da uwar jariri ki yi mata bayanin takalman nan a tsanake, ki sa ta ɗaura su a gabanki, domin galibi idan ƙafa ta sake murɗewa, takalman aka ajiye saboda yaro na kuka.

Mahaifiyarki na gaishe ki.

Naki,
Baba