Arhar kayan yayi, wa ke biyan kuɗinta?

Malam Edita,

Ka ba ni fili in koka. Rigar da na saya wa 'yata da ƙaramar sallah, wanki biyu ta koɗe, ɗinkin hammata ya ɓarke, yanzu tsumman goge-goge ce. Irinta sun cika Kasuwar Barci, sababbi da na gwanjo. Yawanci zaren roba ne, ba ya ruɓewa, sai toshe kwalbatoci da damina.

Wasu da ransu suke biyan arhar nan. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta wa maɗinka a Bangladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu. Mu kuwa a Kakuri, masaƙun da suka ci da iyayenmu sun zama kufai, abin yana ci mini rai. Don Allah gwamnati ta waiwayi audugarmu da wutar lantarki.

Wata uwa,
Kakuri, Kaduna