Ni AS, shi ma AS, ga shi an riga an sa rana

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana.

Ni budurwa ce 'yar shekara 24 a Kano. An sa ranar aurena da ɗan yayar mahaifina bayan babbar Sallah, har an kawo lefe. Auren zumunci ne, amma babu wanda ya tilasta mana, mu muka ga juna muna so. Da yake tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin a ɗaura aure, sai muka je aka ɗebi jininmu. Ƙanjamau da ciwon hanta duk lafiya lau. A gwajin sikila ne aka ce ni AS ce, shi ma AS. Muka sake a wani asibitin, sakamakon bai sauya ba.

Likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ɗa yana gadon ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da S a jininsa, kuma idan yaro ya ɗauko S ta wajena ya sake ɗauko wata ta wajen ubansa, ya zama SS ke nan, wato mai cutar sikila. A kowane ciki, yiwuwar SS kashi 25 ce cikin 100, AS kashi 50, AA, wato wanda bai ɗauko S ba sam, kashi 25. Gwaggona da ta ji haka cewa ta yi ai cikin huɗu ɗaya ne, mu haifi uku mu tsaya. Alhali likitar ta ja mana kunne cewa kowane ciki da nasa lissafin. Ɗan fari ma zai iya zuwa da ita, kuma ana samun uku a jere.

Anti, ni ba labarin sikila nake ji ba. Autanmu SS ne, shekararsa 13. Da hunturu ya kama muke shiga zullumi. Idan ciwon ya tashi idanunsa su yi ɗorawa, ya riƙe ƙafafunsa yana kuka har muryarsa ta dushe, Umma ta kwana tana gasa masa da tawul da ruwan ɗumi. Gari na wayewa Baba ya bazama neman wanda zai ba da jini. Kullum sai ya sha folic acid, ba ya kwana sai a gidan sauro, makaranta kuwa yau ya je gobe yana gadon asibiti. Iyayenmu ba su san da wannan gwajin ba lokacin aurensu. Ni kuwa an nuna mini takarda na gani da idona.

Baba ya ce fasa auren rashin tawakkali ne, kuma zai raba shi da yayarsa. Umma ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Shi wanda zan aura ya ce ya ji ya gani, komai ya zo zai ɗauka. Amma ai ba jikinsa ne zai yi ciwon ba. Wani abokinsa har ya ce zai samo mana takardar da ke nuna AA, na ce Allah ya kiyaye. An kuma kawo zancen gwada jariri tun yana ciki, to idan aka ga SS fa? Ni dai ba zan iya zubar da ciki ba. Dashen ƙwai da ake tantancewa kafin a sa a mahaifa kuwa miliyoyin naira ne, shi kuma wanda zan aura malamin firamare ne.

Zuciyata ta karkata ga haƙura, ko da yake wallahi ina sonsa. Shin idan na janye na saɓa wa iyaye, ko ɗaukar mataki ne da addini ya yarda da shi? Wa ya kamata in tura wa Baba, malami ko likita, tunda ni ba zan iya tsayawa gabansa in yi musu ba? Ta yaya za a mayar da lefe ba tare da zumunci ya tsinke ba? Don Allah ki ba ni amsa kafin a fara raba katin biki.

Taki,
Wata 'yarki daga Kano