Godiya ga likitocin ƙashi na Asibitin Shika

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare nan Tudun Wada, na ce ba zan yi shiru ba sai na fito fili na gode wa ma'aikatan sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.

Na fi shekara ina fama da ƙafar dama, kullum ji nake kamar tsakuwa ce a cikin takalmi, in cire in kakkaɓe ba komai, ga zafi kamar na taka garwashi tsakanin yatsa na uku da na huɗu, wani lokacin yatsun su mutu. Ba abin da ban ji ba, wasu su ce sanyi ne, gwaggona kuwa ta dage wai wani abu na tsallaka. Man zafi kam na shafa har na gaji.

Likitan da na samu, Allah ya saka masa, matse ƙafar kawai ya yi ta gefe da gefe na ji wani ƙas, sai da na yi salati. Aka yi sikanin, ya ce jijiya ce ta yi kauri saboda matsi, Morton suke kiran ciwon, kuma ba daji ba ne, nan hankalina ya kwanta. Da ya ga takalmina mai tsini sai ya yi dariya ya ce Malama ga ɓarawon nan.

Abin da ya burge ni, bai ɓoye min komai ba kafin a yi min allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi. Ya tambaya ko ina da ciwon suga don tana ɗaga shi na 'yan kwanaki, ya ce fatar wurin za ta iya yin haske, kuma ba a yawaita ta don tana cinye kitsen tafin ƙafa, in ciwon ya ƙi sai a yi maganar tiyata. Ta saman ƙafa aka yi, haɗe da maganin kashe zafi, wata nas tana riƙe da hannuna tana min hira don ni matsoraciyar allura ce.

Kwana biyu wurin ya yi tsami, daga nan shiru. Yau wata 4 ke nan, jiya har kasuwar Sabon Gari na zaga da ƙafata. Layin jira dai akwai shi, sai an yi sammako.

Allah ya biya ku, ya raya muku zuri'a. Takalman bikin kuwa duk na raba wa ƙannena, har guda ɗayan da na so ɓoyewa.