Albishirinka, Aminina: Ikilisiyarmu Ta Fara Warkewa

Aminina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali duka. Ka tambaye ni ko har yanzu ikilisiyarmu tana rabe kamar yadda ka bar ta. To, albishirinka, Allah ya ji kukanmu.

Tushen rigimar ka san shi: kuɗin ginin majami'a da zaɓen dattawa. Bayan tafiyarka hayaniya ta lafa, gaba kuwa ta zauna daram. Kowane ɓangare da layin kujerunsa. In an ce a gaisa da juna a tsakiyar sujada, sai ka ga ana miƙa kan yatsu, ido yana wani wuri. Mawaƙa suka ragu, addu'ar tsakiyar mako ta koma ta tsofaffi kaɗai. A ganina wannan shirun ya fi faɗan muni, gyambo ne aka ɗaure ba a wanke ba. An yi azumi, an yi taron farkawa, an zubar da hawaye, Lahadi na zagayowa kowa ya koma kujerarsa.

Sai fasto ya ɗauko Filibiyawa 4:2-3. Bulus yana kurkuku, amma ya kira mata biyu da sunansu, Afodiya da Sintiki, ya roƙe su su daidaita cikin Ubangiji. Bai ce wance ce mai gaskiya ba, sai dai ya roƙi wani abokin aikinsa ya taimake su. Daga nan fasto ya jera mana ayoyi biyu. A Matiyu 5:23-24, wanda ake riƙe da shi a zuciya aka ce ya ajiye baikonsa ya je su shirya tukuna. A Matiyu 18:15 kuma, wanda aka yi wa laifin aka ce ya je, su biyu kaɗai. Ka ga ke nan ba wanda Ubangiji ya bar wa damar zaman jira. Fasto ya ce ba ya son kowa ya miƙe a gaban jama'a. Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, kowa ya taka zuwa gidan ɗan'uwansa, zumunta a ƙafa take.

Wanda ya fara shi ne tsohon ma'ajinmu, wanda aka fi ci wa mutunci. Ya ɗauki littafin lissafi a hammata ya je gidan mai zarginsa. Suka zauna suka bi shi layi-layi, har suka gano kuskuren rubutu ne, ko kusa ba sata ba ce. Wannan ya fi komai daɗaɗa mini rai, don ba a binne gaskiya da sunan gafara ba. Ranar Jibin su biyun suka raba gurasa da ƙoƙo, hannun dattijon yana rawa, ɗayan yana tallafe masa faranti. Daga nan wasu suka samu ƙarfin gwiwa, ana ta zirga-zirga gida-gida.

Kada in ruɗe ka, da sauran aiki. Akwai iyalan da har yau ba su dawo ba, muna dai zuwa gaishe su ba tare da matsa musu ba. Bulus ma ya rabu da Barnaba saboda Markus, sai bayan shekaru ya rubuta a 2 Timoti 4:11 a zo masa da Markus ɗin, don yana da amfani a gare shi.

Yanzu saura kai, aminina. Na san da ciwo ka tafi, na kuma san maganar da aka gaya maka a taron nan. Ɗan'uwan da ya faɗe ta ya zo wurina yana neman lambarka, na ce sai na nemi izininka. Ka yi addu'a a kai, ka gaya mini ko in ba shi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Naka cikin Almasihu.